Ƙafar Baba da Ledar Ɗan Fari

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Na zauna rubuta wannan ne saboda masu jinyar tsofaffin da ke da ciwon suga, don an ce idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu saura ƙiris ƙafar mahaifinmu ta tafi, kuma abin da ya kusa tafiya da ita da daddare yake shigowa gidan, a cikin baƙar leda. In faɗi gaskiya tun yanzu, labarin akwai godiya a cikinsa, akwai kuma kishi, kishin ma ya fi yawa. Wanda nake kishi da shi yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sunana Zulai. Ina koyarwa a wata firamare, ina aure a Ƙofar Kaura, gidanmu na haihuwa kuma yana Ƙofar Guga. Mu biyu Allah ya raya wa Baba, ni da Yaya Sada, kuma shi ne ɗan fari. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi aka kai shi Ƙofar Marusa wurin Gwaggo, yayar Baba, can ya girma. In dole ta sa a ambace shi, sai Baba ya ce "wancan". In ya shigo gaida shi, Baba ya sami abin kallo a jikin bango. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taso muka tarar. Ni kuwa sunana ba ya barin bakin Baba, sai dai galibi da aike yake fitowa, ko da faɗa.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, Allah ya ɗaga Yaya Sada. Wani abokinsa na makaranta ya ci zaɓe a wata ƙaramar hukuma, ya jawo shi jiki. Mutumin da muka sani da tsohon babur mai tashi sai an tura, sai ga shi da mota da direba da babbar riga. Na yi masa murna, Allah ne shaidata, ko da yake murnar tana da ɗan ƙaiƙayi a ciki.

Tsarabarsa ta farko ga Baba takalmi ne sau-ciki, baƙi, mai sheƙi. Baba kuwa awon hatsi ya yi a kasuwa har ya tsufa, ƙafarsa ba ta san komai ba sai fade. Takalmin ya matse shi, kowa yana gani, amma duk Juma'a sai ya cusa ƙafa a ciki ya tafi masallaci yana ɗingishi. A sallar shekarar ni ma na ɗinka masa riga da guminna. Ya juya ta, ya ce wuyan ya yi faɗi, ya jefa a akwati.

Tun kafin takalmin akwai alamu, mu ne ba mu karanta su ba. Baba ya rame. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, ya sha ruwa ya zaga, ya dawo ya sake sha. Muka ce tsufa ne, da kewar Inna, don tun rasuwarta bai sake aure ba, daga gidana ake kai masa abinci. Sai takalmin ya yi masa bororo a ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Bororon ya fashe, ya ƙi bushewa, ya kama yatsan da ke kusa da shi. Ranar da na je na ji wari tun daga bakin ƙofar ɗakinsa, ranar na san magana ta girma. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, ya ce in koma gida in yi jinya, ya kwashe yara ya kai wa mahaifiyarsa. Makaranta ma na nemi hutu aka ba ni.

Makon farko na masu ba da shawara ne. Gwaggo ta zo ta leƙa ciwon, ta riƙe baki.

"Wannan daji ne," in ji ta. "Daji ko ba shi son ƙarhe. Kuka bari anka yi mashi allura, hwaɗi zai yi. Ko kuma wani abu ya taka a hanya, yanzu da ɗanshi ya samu, maƙiya sun yi yawa."

Wani ya ce a shafa zuma, wani ya ce garin hulba, wata maƙwabciya ta kawo wani baƙin gari a ƙullin leda ta ce daga wani ƙauye aka karɓo. Na karɓa duka na gode, na zuba a tsohuwar tukunya na rufe. Na aika wa Yaya Sada cewa asibiti za mu. Ya turo direba da mota da kuɗi a ambulan, shi kuma yana wurin taro.

Wanda bai bi layin kati da tsoho mai ciwon ƙafa ba bai san haƙuri ba. Ana sallame asuba muke fita, Baba bai karya ba saboda gwajin jini, mu tarar da mutane sun riga mu cika benci. Daga kati zuwa ɗakin gwaji, daga can a dawo a jira sakamako, rana ta take kafin a ga likita. Amma likitan da muka samu mutumin kirki ne, mai sanyin magana. Ya ɗauki wani ɗan tsinke ya tsikari tafin ƙafar Baba, ya tambaye shi ko ya ji. Baba ya ce bai ji komai ba. Likita ya cire tabarau ya dube ni.

"Suga ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Ciwon nan ba zai haɗe ba sai sugan ya sauka. In bai sauka ba, yanka za a yi. Kuma ba mu muke zaɓar inda za a yanke ba, ciwon ne yake zaɓa."

Wannan maganar ta zauna mini a kai, har a salla nake jin ta. Ya rubuta magani, ya ce wankin ciwo safe da dare, aka koya mini yadda ake yi da ruwan gishiri mai ɗumi da auduga da bandeji. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, a kan lokaci, na ƙarshe kafin isha'i. Daga nan baki ya rufe sai ruwa.

Na ɗaura ɗamara. Tuwon alkama, wake, kwaɗon zogale da na tafasa ba ko ƙwayar suga, shayi kuwa tsurarsa. Ni ke surfe, ni ke kai niƙa, ni ke wankin tsumma, ni ke durƙusawa a gaban ƙafar nan ina danne numfashi don kada Baba ya ga warin ya dame ni. Ladan da nake samu a wurinsa kuwa shi ne, "Ke Zulai, wannan tuwo ne ko ƙasar gini?" Ko kuma, "Gishiri ya ƙare a Katsina ne?" Ya ci loma kaɗan ya ture kwanon. Ina ganin haka har daɗi nake ji, in ce ai cin kaɗan ɗin ake so.

Muka koma gwaji mako na biyu, suga bai motsa ba. Mako na uku ya ƙaru. Malamar jinyar da ke duba ciwon ta kwance bandeji, ta yi tsaki, ta dube ni a gaban mutane.

"Malama, ke da kike da boko? Mi kike ba tsohon nan? Tausayi ne zai sa ki kashe mashi ƙahwa?"

Na sunkuyar da kai na kwashe kayanmu. A mota na yi ta haɗiye kuka, Baba kuma yana kallon waje ta taga kamar ba da shi ake ba.

Kiyashi ne suka tona asirin. Ina share ɗakin Baba, wanda yake kusa da zaure, sai na ga sun yi layi sun nufi bayan akwati. Na ja akwatin. Tsinkayen tsire, takardu masu maiƙo, marafan lemun kwalba, gwangwanin madara, da ɓallin alkaki da kiyashin suka rufe. Na san Yaya Sada yakan biyo da dare in sun tashi daga zaman siyasarsu, amma ni lokacin gajiya ta riga ta kayar da ni a ɗakin Inna. Na ɗauka gaisuwa ce kawai yake yi ya wuce.

Daren nan na hana idona barci. Unguwa ta yi tsit, sai na ji mota ta tsaya. Na lallaɓo na tsaya a bayan labule. Yaya Sada ya shigo da sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa can bakin ƙofa da babbar rigarsa, kai a sunkuye. Baba ya riga ya ja bargo ya rufe ƙafar.

"An wuni lahiya?"

"Lahiya."

Hirar ke nan gaba ɗaya. Yaya ya buɗe leda ya tura gaban Baba: gurasa da tsire, fura da nono an dama da suga, lemo mai sanyi. Baba ya juya gefe ya fara ci. Mutumin da ya ture mini tuwo da magariba ya ce ba ya jin yunwa. Na lura ba da marmari yake ci ba. Yana ci a hankali, ya tsaya ya yi nishi, ya kurɓi fura, ya sake kai hannu. Rediyo na ta surutu a gefe, ba mai sauraro. Sai da ya share komai tas, sannan Yaya ya miƙe ya ce sai da safe. Baba ya dubi bango ya ce, "Allah shi yi albarka."

Wallahi ƙafar ba ita ta fara zo mini a rai ba. Albarkar ce. Ni da nake wanke ruɓa safe da dare ban ji wannan kalmar ba tun da na dawo gidan, sai wanda ya tsaya wurin mai tsire ya miƙa kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na koma ɗaki na kwanta, zuciyata tana tafasa har aka kira assalatu.

Da safe ina wankin ciwon na ce, "Baba, na ga abin da ake kawo maka. Shi ke hana ƙahwar nan warkewa. Don Allah ka ce mashi ya bari."

Ya gyara zama. Can ya ce, "Ni in ce ma wancan mi?"

"To ka bar ci."

"Ya ɗauko abu ya kawo, a maida mashi? Ɗaure ƙahwar nan ki tashi, kin cika surutu."

Na yafa mayafi na hau kabu-kabu sai gidan Yaya Sada. Ƙofar gidan cike da 'yan siyasa da 'yan maula, da ƙyar na kutsa. Na same shi a falo, na zazzage masa duk abin da ke cikina, ban ko gaishe shi da kyau ba. Ya bari na gama, sannan ya ce:

"Zulai, tsohon nan yunwa shika ji. Da na hwara, tsire kaɗai nike kai mashi. Na ga shina cinyewa, na ƙara gurasa. Ya cinye, na ƙara hura. Mutumin da ya ƙoshi zai yi irin wannan ci? Ganye kike ba shi sai ka ce akuya. Ɗan abin da zai taɓa da dare shi zai kashe shi?"

Ku ji fa. Shi yana ƙarawa don ya ga ana cinyewa, Baba yana cinyewa don shi ya kawo, ni kuma na zama mai horon uba da yunwa. Na ce masa likita ya ce za a yanke ƙafa. Ya ce likitoci sun saba tsorata mutane, kuma duk maganin da aka rubuta ai shi yake saye, ko akwai wanda ya gaza? Wannan gaskiya ne, ko sisina bai shiga kemis ba, ban kuma taɓa hana masa wannan ba. Amma a ranar ji na yi kamar ya mare ni da kuɗin.

Da dare ya sake zuwa da ledarsa. Wannan karon ban tsaya bayan labule ba. Na faɗa ɗakin na sure ledar daga gaban Baba. Yaya ya ɗago kai kawai, don ba ya ɗaga murya a gaban Baba. Baba ne ya yi magana, da wata murya da tun ina yarinya rabon da in ji ta.

"Zulai. Aje."

Na ajiye. Ina tsaye ya jawo ta gabansa, ya ci har loma ta ƙarshe, idonsa a ƙasa. Na fita tsakar gida na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. A daren na yi niyyar tattara kayana in koma ɗakina, wanda ake sa wa albarka ya zo ya yi jinyar. Abin da ya hana ni shi ne na san in na tafi ba mai kwance bandejin nan da safe.

Ba a yi mako ba yatsun biyu suka yi baƙi. Baba ya kwana da zazzaɓi yana rawar ɗari. Da direba ya zo ɗaukarmu na ce ya koma ya gaya wa maigidansa ba inda za mu sai ya zo da kansa, in kuma taro ya fi ubansa, to ya aiko a gaya mini. Ya zo ransa a ɓace. A ɗakin likita ya so ya tsaya a waje, na riƙe hannun rigarsa na jawo shi ciki. Baba ya kawar da kai. Aka kwance bandeji.

Ashe Yaya Sada bai taɓa ganin ciwon ba. Kullum bargo yake gani. Ya dubi ƙafar sau ɗaya, ya dafa bango, gumi ya karyo masa. Likita ya tambayi abin da Baba yake ci da dare, na bar mai leda ya lissafa da bakinsa. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce yatsun biyu sun riga sun mutu, yau za a cire su. Sauran ƙafar kuma yana hannunmu, in aka ci gaba da cin dare, zuwa na gaba daga ƙasan gwiwa ne.

Zan ɓoye muku ne? Na ji sanyi a raina da na ga Yaya ya rasa bakin magana. Ubana za a shiga da shi tiyata, ni kuma wani ɓangare na zuciyata yana cewa, to, yau ka gani. Allah ya yafe mini.

Aka yi aiki lafiya, aka kwantar da mu. Ɗakin maza ba a barin mace ta kwana, sai na riƙa yini a gefen gadon, da dare wani ɗan maƙwabtanmu ya karɓe ni. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari, ko da yake wani lokaci sai ka yi ta safa da marwa kafin a zo a canza ruwan da aka ɗaura. 'Yan dubiya kuwa kowa da kularsa, shinkafa, funkaso, kunun gyaɗa mai zaƙi. Na zama 'yar sanda a bakin gado, ina karɓa ina godiya ina miƙa wa masu jinyar gadajen kusa. Gwaggo ta ce na zama marowaciya a kan abin da ba nawa ba. Yaya yana zuwa kullum, amma iyakarsa baranda. Ya biya abin da za a biya, ya tambaye ni jiki, ya tafi.

Aka sallame mu da allurar suga, wadda aka koya mini yi, aka kuma ja mini kunne cewa mai wannan allura dole ya ci abinci a kan kari. Leda ta daina shigowa. Suga ya sauka. Na ce alhamdu lillahi, na ci nasara.

Sai dai mai ledar ma ya daina zuwa. Ranar Juma'a kawai yake leƙowa, ya durƙusa a bakin ƙofa, an wuni lafiya, lafiya, ya miƙe. Baba kuma ya canza. Faɗan ma ya bari, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba. Da dare ba ya barci, yana zaune, duk motar da ta wuce sai ya rage muryar rediyo. Abinci sai na yi da gaske yake karɓar loma biyu. Wata safiya bayan allura ya ƙi karyawa, ina tsakar gida na ji faɗuwar buta. Na tarar da shi ya jiƙe da gumi, hannu na rawa, bai san inda yake ba. Ni da na yi wata da watanni ina yaƙi da suga, ni ce na dama shi a ruwa na ɗura masa da cokali ina salati. Da muka koma asibiti likita ya ce wurin aikin ya tsaya, bai lalace ba, bai kuma haɗe ba, kuma jikin da ba ya samun abinci da barci ba ya gina nama. In gefen ya fara baƙi mu dawo da gaggawa.

Na sake hawa kabu-kabu. Wannan karon na same shi shi kaɗai.

"Ka kusa kashe shi da zuwa, yanzu kuma za ka kashe shi da rashin zuwa?"

"In zo in yi mi, Zulai? Hannu Rabbana?"

"Ka zo ka zauna, kamar kowa."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kamar kowa. Ke kina da abin yi a ɗakin. Shina kiran ki, ko da hwaɗa ne. Ni tun da nike ban taɓa jin sunana a bakinshi ba. In shina cin abinci, ina da dalilin zama har shi gama. In babu, in zauna mu kalli mi? Shi bango, ni tabarma?"

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Baba yake jan cin nan a hankali, yana nishi yana ƙarawa. Ya kamata in ce tausayi ya kama ni. Ya ɗan kama ni. Amma abin da ya fi ƙarfi shi ne haushi, wai ni yake wa kallon mai sa'a, ni da rabona a wurin Baba shi ne a kushe mini tuwo. Muka rabu a haka, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ya kwashi rabo mai tsoka.

A hanyar komawa na yi ta juya maganar. Abin da zai zaunar da Yaya a ɗakin nan ba tare da hira ba, kuma ba abinci ba, abu ɗaya ne, kuma nawa ne. Wankin ciwon dare. Ni na san ciwon nan tun yana bororo, na san inda yake zafi da inda ya mutu, malamar da ta taɓa kunyata ni ma ta dawo tana yaba hannuna. Shi ne abu guda da nake da shi wanda kuɗin Yaya bai saya ba. Na kwana biyu ina ja da zuciyata. Ranar da na kwance bandeji na ga kamar gefen ya ɗan yi duhu, ranar na aika a kira shi.

A tsakar gida na koya masa, a kan ƙafar kujera. Yadda ake wanke hannu, yadda ake tafasa ruwa a bar shi ya huce, yadda ake goga auduga daga ciki zuwa waje ba a komawa da ita. Hannunsa duk a sandare, na yi ta yi masa tsawa, kuma na ji daɗin tsawar. Na kafa masa sharaɗi: ana sallame isha'i zai zo, kafin zaman siyasa, kuma ko ƙwayar dabino kada ta biyo shi.

Daren farko ya shiga da kwanon ruwa, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Baba ya dube ni, ya dubi kwanon.

"Ke mi ya samu hannunki?"

"Ciwo yake, Baba."

Ya san ƙarya nake. Ya juya fuska ga bango, ya daɗe a haka, har na fara tunanin zai kore mu duka. Sannan a hankali ya janye bargon da kansa, ya miƙo ƙafar.

Aikin da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, Yaya sai ya ninka shi sau nawa, Baba kuma bai taɓa ce masa ya yi sauri ba. Ina zaune a waje ina jin ƙarar ruwa a kwano, ba mai magana. In ya tafi Baba ya kwanta ya yi barci har da minshari. Da safe in kwance bandejin in gyara abin da aka karkace, ban gaya wa kowa ba. Baba ya koma cin tuwonsa, ya koma kushe shi. Duhun da na gani bai ci gaba ba. Nama ja ya fara tasowa daga gefe, mako bayan mako ramin yana cikewa.

Ga masu jinya, abin da zan ce kaɗan ne. Ku san abin da majinyacinku yake ci bayan kun kwanta, don gwajin asibiti ba ya raba abincin rana da na dare. Kada ku tsaya ga gaya wa 'yan'uwa dokar likita da baki, ku nuna musu ciwon da idonsu. In kuma kun hana mutum kawo abinci, ku ba shi wani abin da zai riƙa kawowa, don mutanenmu ba su iya zuwa wurin iyaye hannu sake ba. Ina godiya ga likitan nan da ma'aikatansa, da maigidana da ya yi haƙuri da ni, da Gwaggo duk da dajinta. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti.

Ranar zuwanmu na ƙarshe Yaya ya ajiye taro ya tuƙo mu da kansa. Likita ya duba wurin, ya danna, ya ce ya haɗe sarai, ƙafa ta tsira. Ya ce irin wannan ciwo ba kasafai yake rufewa da kyau haka ba, wa yake wanke shi? Na gyara mayafi, har na buɗe baki. Baba ya riga ni. Ya turo leɓe wajen ƙofa, inda Yaya Sada yake tsaye. Likita ya tashi ya ba Yaya hannu, ya ce Allah ya ba mu 'ya'ya masu jin ƙanmu haka. Yaya ya dube ni, na kawar da kai.

Muka fito. Baba ya ƙi keken marasa lafiya, ya ce da ƙafarsa zai je mota. Yana gaba da sanda, Yaya na gefe ya bar tazara tsakaninsu, ni ina baya da buta da ledar magani. Har yau in na tuna leɓen nan sai raina ya sosu. Amma idona yana kan ƙafar hagun, tana ɗagawa tana sauka a kan siminti. Da muka kai bakin mota Baba ya waiwayo.

"Ke Zulai, ɗago ƙahwa mana. Mutum da yatsu goma, mai takwas ya riga shi?"